Ruwan Gunti Yena da salatin da muke ci

Salamu alaikum. Na karanta labarin nan da ake cewa a hana masu garka ban ruwa da ruwan kaniwo, to ni dai gaskiya hani kaɗai ba zai yi ba. Ku je bakin kwarin Gunti Yena nan Yamai da safe ku gani, ruwa baƙi ƙirin yana wari amma da shi ake shayar da salati da shu, kuma mu ne ke saye mu kai ma iyali, yara su ci ɗanye sai zawo da tsutsar ciki. Dokar tsabta tun 1993 muke da ita, ina aikin ta? Unguwarmu na ga motar kwasar masai ta juye kayanta cikin fili da dare, kusa da inda yara ke ƙwallo, abin ya ci min rai wallahi.

Alhali kayan masai ɗin nan taki ne in an gyara shi. A Agye, cikin jihar Maraɗi, manoma na tara fitsari cikin bido a rufe kamar wata guda, suna ce mai takin ruwa, gero na yi. Bayan gida kuma sai ya bushe shekara ko fiye kafin a kai shi gona. A gina wurin tace ruwan datti, a koya ma masu garka, sannan a ci tarar wanda ya ƙi.