Ku gaya musu kafin jinin ya zo

Shekarata goma sha ɗaya ranar da na fara ganin jini. Na shiga banɗaki na gan shi a jikin kamfaina, gabana ya yanke ya faɗi, na ɗauka wani abu ne ya fashe a cikina. Kwana biyu ina wanke kamfai a ɓoye, ina cusa shi ƙarƙashin katifa da danshinsa, ina kuka cikin dare, ina neman bakin da zan gaya wa mahaifiyata cewa na kusa mutuwa. Yayata ce ta gano ni. Mahaifiyata tana ƙaunarmu matuƙa, kunya ce kawai ta ɗaure mata baki, ita ma haka aka yi mata.

Yanzu 'yata ta cika tara, kuma na riga na zaunar da ita. Da na gaya wa wata ƙawata sai ta riƙe baki: "Haba, tun yanzu? Za ki buɗe mata ido." To, ai jikin yaro ba ya jiran sai uwa ta shirya. Balaga kan fara a jikin 'ya mace tsakanin shekara 8 zuwa 13, a namiji kuma 9 zuwa 14. Ƙwaƙwalwa ce ke aika saƙo, wasu sinadarai su soma yawo cikin jini, sai ƙirgen dangi ya fito, gashi ya tsiro a hammata da mara, gumi ya sauya wari. Daga fitowar ƙirgen dangi zuwa al'adar farko yawanci kimanin shekara 2 ne. Duk wadda ta ce sai 'yarta ta kai sha uku za ta yi magana, wataƙila ta makara.

Ni ba dogon karatu na yi wa 'yata ba. Na ce mata akwai jaka a cikin mace sunanta mahaifa, a nan jariri yake kwanciya. Kowane wata takan yi shimfiɗa, in babu ciki sai shimfiɗar ta zubo, shi ne jinin al'ada. Yakan yi kwana 2 zuwa 7, kuma a shekarun farko yana iya tsallake wata, ba wani abin tsoro ba ne. Na ɗauko audugar mata na ɓare, na nuna mata yadda ake manna ta, na sa mata guda a aljihun jakar makaranta.

Su kuwa samarinmu an ma fi mantawa da su. Yaro zai farka ya ga wandonsa a jiƙe, ya yi zaton fitsarin kwance ya yi, ya kwashe zanin gado ya ɓoye. Muryarsa ta fashe a yi masa dariya. Wani ma nononsa ya ɗan kumbura ya yi tsami, abin da ke samun yara maza da yawa kuma ya baje da kansa, amma shi yana can yana zullumi shi kaɗai. Iyaye maza, wannan zancen naku ne, ku daina tura shi wurin uwa.

Maganar yadda ake samun ciki ita ce ta fi nauyi a baki, na sani, ni ma sai da na haɗiyi yawu. Amma dole yaro ya san cewa maniyyin namiji ne ke haɗuwa da ƙwan mace, kuma yarinya na iya ɗaukar ciki tun kafin ta ga jininta na farko, domin ƙwai kan iya riga jinin fitowa. Dole kuma ya san sunan kowane sashe na jikinsa, ya san inda ba a taɓawa. Yarinyar da ba a taɓa bari ta furta sunan gabanta ba, da wane baki za ta kawo ƙarar wanda ya taɓa ta?

Masu tsoron buɗe ido, na fahimci tsoronku, daga ƙauna ya fito. Sai dai UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a jagorar koyar da yara ilimin jikinsu da jima'i da ta sabunta a 2018, ta duba bincike masu yawa ta ga cewa irin wannan ilimi ba ya sa yara fara jima'i da wuri, sau da yawa ma jinkirta shi yake yi. Kuma shirunmu ba ya hana su ji. Za su ji a bakin sa'anninsu, ko a wayar da muka miƙa musu da hannunmu, a can kuwa ba mai tace musu komai.

Da muka gama, 'yata ta yi shiru tana juya audugar a hannunta, can ta ce, "Mama, yana da zafi?" Na ce wani lokaci mara takan murɗa, in ta murɗa ki zo ki gaya mini, akwai magani. Ta ce to, ta zuge jakarta ta fita wasa.