Na 199 ne fa a layi, kuma aka bar shi ya buga

Jama'a ni har gobe in aka ce ƙwallo to Pillars da Firimiya ne a raina, amma zaman Amurka ya sa dole na koyi kallon irin tasu, wadda ake rungume ƙwallon a ruga da ita ƙarti suna bin mutum su kayar, don a wajen aiki ran Litinin ba wata hira sai ta wasan Lahadi. Kuma a nan yankin Boston suna ɗaya ne ba ya barin bakin mutane, Tom Brady, duk da tun 2020 ya bar ƙungiyarsu ta New England Patriots.

Kwatabak yake bugawa. Shi ne ake miƙa wa ƙwallo a farkon kowane hari, ya karanci yadda abokan hamayya suka tsaya, cikin daƙiƙa biyu zuwa uku ya zaɓi wanda zai jefa wa kafin a danne shi. Ka ɗauka lamba 10 ne da kyaftin da rabin koci a jikin mutum ɗaya. Brady ya yi kaka 23 a NFL, babbar gasar wannan wasa a Amurka, ya je wasan ƙarshe na Super Bowl sau 10 ya ci 7, shida da New England Patriots, na bakwai da Tampa Bay a 2021 yana ɗan shekara 43. Sai da ya kai 45 ya ajiye.

To ni ba kofunan ne suka tsaya min a rai ba wallahi, farkon labarin ne.

A nan ba a sayen yaro daga makarantar ƙwallo kamar a Turai. Yaro zai buga a sakandare, ya buga a jami'a, sannan duk shekara ƙungiyoyi su zauna su yi zaɓe zagaye bakwai, wadda ta fi shan kashi bara ita ke fara ɗauka. A zaɓen 2000 sai a zagaye na shida aka kira Brady, shi ne mutum na 199, an riga an ɗauki 'yan kwatabak shida kafin shi. Ba shi da gudu, ba shi da ƙirar ƙarfi, ko a jami'ar Michigan ma sai da ya sha zaman benci da raba lokaci da wani. Shekararsa ta farko a Patriots shi ne na huɗu a layin masu buga gurbinsa, sau uku kacal ya yi jifa duk kakar.

Wanda ke gabansa kuwa Drew Bledsoe ne, mutumin da aka ɗauka na ɗaya a zaɓen 1993, kuma a watan Maris na 2001 ya sa hannu a kwantiragin shekara 10 na dala miliyan 103. A watan Satumbar shekarar wani ɗan bayan New York Jets mai suna Mo Lewis ya bangaje shi har jini ya riƙa zuba masa ta cikin ƙirji, sai aka ce yaro shiga ka riƙe mana kafin oga ya warke. Oga ya warke bayan wasu makonni, likita ya ce zai iya dawowa, amma koci Bill Belichick ya ce a'a, yaron nan zai ci gaba. Abin bai ma tsaya nan ba, a wasan kusa da na ƙarshe da Pittsburgh Brady ya ji ciwo a idon sawu, Bledsoe ya shigo ya taimaka suka ci, duk da haka da aka zo Super Bowl a Fabrairun 2002 Brady aka sa, suka doke St. Louis Rams 20 da 17.

Ku tsaya ku auna wannan da gida dan Allah. Wane koci ne a wajenmu zai zaunar da mai albashi mafi tsoka, ɗan gaban goshin shugaban ƙungiya, saboda wani yaro da ba kowa ya san gidansu ba, kuma ya kwana lafiya? Kafin magariba waya ta fara shigowa, wannan ya ce a duba girma, wancan ya ce ai wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi, wani ma daga ofishin gwamnati zai bugo tunda yawancin ƙungiyoyin namu na jihohi ne. Ni na taso ina girmama na gaba kuma haka nake tarbiyyar 'ya'yana a nan, amma fili ba zaure ba ne, minti 90 ba ruwansu da wa ya girmi wa.

Abin da ya fi ci min rai shi ne mu a wajenmu na 199 ba ya ma samun shiga layi. A unguwarmu akwai wani yaro da muka taso tare, in ya riƙe ƙwallo a tsakiya sai ka ga manya sun bar shayi sun zo kallo, ya je sikirinin aka tara ɗaruruwan yara aka ba kowa 'yan mintuna, bai taɓa ƙwallo ya fi sau biyu ba aka hura usur, shikenan. Ba takarda ba bidiyo, ba wanda ya rubuta abin da ya yi a wasannin unguwa da na makaranta shekara da shekaru. Yau adaidaita yake ja, sana'a ce ta halak Allah ya sa masa albarka, amma ba a taɓa gwada shi ba balle a ce ya faɗi. Shi kuwa Brady duk jifan da ya yi a Michigan a rubuce yake kuma akwai faifansa, shi ya sa ko da aka wuce shi sau 198 aka samu mai cewa mu ɗauke shi mu ajiye mu gani.

Kar wani ya ce ai sa'a ce ta mutum ɗaya. Kwatabak ɗin Rams da Brady ya doke ran nan, Kurt Warner, ba ma wanda ya zaɓe shi a nasa lokacin, sai da ya yi aikin jera kaya a kanti a Iowa kafin ya dawo ta ƙananan gasa. Brock Purdy shi ne na ƙarshe tak a zaɓen 2022, na 262, cikin kaka biyu ya kai San Francisco Super Bowl. Mu kuma Najeriya ta ci kofin duniya na 'yan ƙasa da 17 har sau biyar tun daga 1985, ba ƙasar da ta kai mu, to yaran suna nan, hanyar riƙe su ce babu. Ko Kofin Ramat da ake yi a Kano, da za a riƙa ɗaukar kowane wasa a waya ana ajiyewa da sunan yaro da shekarunsa na gaskiya, da an rage asara.

Ban ce komai nasu alheri ba ne fa. Wasan yana cin jiki, da yawa ba sa wuce 'yan shekaru kaɗan a NFL an sallame su, kuma masu bincike a Jami'ar Boston sun sha samun mummunar illa a ƙwaƙwalwar tsofaffin 'yan wasa bayan rasuwarsu saboda yawan karo da kai. Ɗana ya nemi in bar shi ya shiga ta makarantarsu na hana, na ce ya buga ta ƙafa.

Masu cewa an wulaƙanta Bledsoe kuma, na ji ku, shi ma ai bai ji daɗi ba a lokacin. Amma bai tayar da rigima ba har aka gama kakar, a watan Afrilun 2002 aka mayar da shi Buffalo inda ya ci gaba da bugawa a matsayin na farko, daga can ya koma Dallas ya yi har kakar 2006. A 2011 Patriots ɗin da suka zaunar da shi suka kira shi filinsu suka sa sunansa cikin jerin gwarazan ƙungiya, kuma magoya baya ne suka kaɗa masa ƙuri'ar.