Wa ke sayen zinaren?

To, wai an ɗage haramcin haƙar ma'adinai a Zamfara a Disambar 2024, har wasu na ta yi wa ministan ma'adinai Dele Alake sambarka. Sannunku da murna. Dama an daina haƙar ne?

Tun Afrilun 2019 aka kafa dokar nan, amma mai takardar izini kaɗai ta kora. Ramukan yankin Anka ba su huta ba, masu gida kawai suka canja. Lebura ya wuni cikin rami da diga da tocila ɗaure a goshi, ya niƙa dutse, ya wanke da zaiba, kafin ya ga ko gram ɗaya yaran kachalla na tsaye da bindiga suna jiran kasonsu.

Shi kuma ɗan bindiga ba tuwo yake tuƙawa da zinare ba. Sayarwa yake yi. Akwai dillalin da ke zuwa da ɗan sikelinsa, akwai mai narkawa, akwai alhajin da ke fitar da shi har Dubai. An kashe ƙasurgumin shugaban 'yan bindiga Halilu Sububu a Satumbar 2024, mun ji daɗi wallahi. To ina mai saye a hannunsa? Shi ma daji yake kwana? A 2021, bayan sace 'yan matan Jangebe, har shawagin jirage aka hana a sararin jihar. Jirgin wa aka kama?

Kada wani ya zo min da zancen rikicin makiyaya da manoma, na sani, na ji har na gaji. Burtali ba ya sayen harsashi. Ku duba Burkina Faso da Mali, inda masu iƙirarin jihadi ke karɓar haraji a wuraren haƙa, su ce wai zakka. Solhan ta Burkina Faso, inda aka kashe mutum sama da 130 a 2021, garin masu haƙar zinare ne.

Tsakani da Allah ban ga laifin yaron da ya shiga rami ba. Gonar ubansa ba ta nomuwa, me zai ci? Mai sayen nake nema, mai sayen!

Af, ku kuma masu cewa lefe bai cika ba sai da sarƙa 'yar Dubai, zan dawo kanku. Ana neman kuɗin buhun masara, ku kuna ta lissafin ɗan kunne da awarwaro.