Zazzaɓi ba sunan cuta ba ne

Kalmar symptom da likitoci ke yawan jefawa cikin magana, asalinta ba Turanci ba ne. Daga Girkanci ta fito, haɗin kalmomi biyu, ɗaya na nufin "tare", ɗayar kuma "faɗuwa". Wato abin da ya faɗo wa mutum, wanda ya zo tare da wani abu. Ta bi ta Latin kafin Turawan Ingila su ɗauke ta. Mu kuwa alama muke cewa, ita ma aro ce daga Larabci. A ganina tamu ta fi fito da ma'anar, domin kowa ya san sawun kura ba shi ne kurar ba.

A wajen likita, symptom shi ne abin da majinyaci ya ji a jikinsa ya faɗa da bakinsa: jiri, ciwon kai, tashin zuciya. Abin da likita ya gani ko ya auna kuma da sunansa daban. Hausa ta haɗa su duka a alama, kuma ban ga laifin haka ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne mun mayar da alamar ita ce cutar. Jiki ya yi zafi, sai a ce zazzaɓi ne, a aiki yaro kyamis ya sayo maganin maleriya. Alhali taifot na kawo zazzaɓi, sanƙarau ma haka, da ƙyanda, da Lassa. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada jini kafin a ba da maganin maleriya, gwajin da bai wuce minti 20 ba, amma wa ya tsaya? Ciwon shawara ya fi ba ni tsoro. Ido ya yi ɗorawa, a nufi mai saiwa, ana jiƙa ana sha, alhali ciwon hanta ne ko sikila ko toshewar hanyar matsarmama ke nuna kansa. Kada ma a zo batun "sanyi", buhun da muke zuba duk ciwon da muke jin nauyin faɗa.

Akwai kuma cutar da ba ta sallama. Hawan jini kan yi shekaru a jiki shiru. Dattijo ya sha magani wata guda, ya ji garau, ya ajiye ƙwayar a ƙarƙashin filo, ya ce ai ya warke. Wani lokaci alamar farko da iyalinsa za su gani ita ce shanyewar ɓarin jiki.