Ido ba mudu ba ne, a harkar dutse da gwal ma bai san kima ba

Kaka ta yi, an sayar da riɗi da zoɓo, kuɗi ya shigo hannun mutane daga Maigatari har Tudun Wada. A irin wannan lokaci ne dillalai ke yawaita, wani da ƙullin duwatsu masu ƙyalli a aljihu, wata da sarƙa da ɗan kunne a cikin jaka tana bi gida gida. Abin da ke ci mini rai shi ne manomin da ba zai karɓi buhun gero ba sai an auna masa da tiya, shi ne zai miƙa kuɗin buhu goma a kan dutsen da ya ɗaga wa rana kawai ya ga yana sheƙi. Ra'ayina a fili yake: wanda ba shi da ƙaramin sikeli mai auna giram har zuwa 0.01, da madubin dubawa mai ƙara girma sau 10, kada ya sa kuɗinsa a dutse ko gwal. Kuɗin kayan nan biyu bai kai na ɗan akuya ba.

Duwatsun nan akwai su a ƙasarmu, wannan ba tatsuniya ba ce. Duwatsun Riruwai a Doguwa dangin na Jos ne, an daɗe ana haƙar kuza a cikinsu, kuma irin wannan dutse shi ke fitar da dutsen ado mai suna tofaz. Safaya, wato shuɗin yaƙutu, tana fitowa a tsaunin Mambila da kudancin Kaduna. Akwamarin, mai launin shuɗin sama, da zumurrudu suna wajen Nasarawa Eggon, tomalin mai launuka iri-iri kuma a Kefi da Oyo. Amma mafi yawan abin da yaro zai tsinto a rafi ko a gona bayan ruwan sama ƙanƙarar dutse ce, wadda 'yan kasuwa ke kira kwaz. Tana da kyau, tana da gefe shida da tsini kamar an feƙe ta, sai dai tana ko'ina a duniya, don haka kuɗinta kaɗan ne.

Kuskure mafi muni shi ne gwaji da guduma. An gaji wata magana wai dutse na gaske ba ya fashewa. Ƙarya ce. Lu'ulu'un daimon kansa, wanda babu abin da ke karce shi, guduma ɗaya za ta tarwatsa shi. Tofaz ya fi ma saurin lalacewa, domin yana da wata jijiya da yake rabewa a kanta sumul, ko faɗuwa ya yi a kan siminti sai ya tsage biyu. Tauri daban, juriya daban. Taurin da masana ke nufi shi ne wane ne ke karce wane, kuma tun 1812 wani Bajamushe mai suna Mohs ya jera su daga 1 zuwa 10. Farce yana wajen 2.5, gilashin taga da bakin wuƙa wajen 5.5, ƙanƙara 7, tofaz 8, safaya da jan yaƙutu 9, daimon 10. Ka ga kenan cewar "ai yana yanka gilashi" ba ta tabbatar da komai, ƙanƙarar bakin rafi ma tana yi. In za ka gwada, ka ajiye guntun ƙanƙara a matsayin ma'auni, ka karci ɗanyen dutse a gindinsa inda ba a gani, sannan ka goge wurin da yatsa mai damshi. Sau da yawa farin layin da ka gani garin dutsen da ya fi laushi ne, yana gogewa. Dutsen da aka riga aka yanka aka goge kuwa ba a karce shi sam.

Gwajin da ya fi kowanne amfani a ƙauye shi ne na ruwa, kuma a nan nake so a tsaya a fahimta. Ka auna dutsen a bushe ka rubuta. Ka ɗora ƙaramin kofin roba mai ruwa a kan sikeli, ka danna ya koma sifili. Ka ɗaure dutsen da siririn zare, ka zura shi cikin ruwan har ya nutse gaba ɗaya, yana rataye, bai taɓa gindin kofi ba bai taɓa gefe ba. Lambar da ta fito ka raba nauyin farko da ita. Dutse mai giram 5.30 da ya nuna 2.00 a ruwa ya ba ka 2.65, ƙanƙara ce. Tomalin yana ba da wajen 3.06, tofaz 3.5, safaya 4.0, kuza kusan 7. Da wannan kaɗai za ka raba shuɗin tofaz da akwamarin, waɗanda a ido kamar Hasan da Husaini suke, amma akwamarin 2.7 yake bayarwa kuma farashinsu ba ɗaya ba ne. Inda ake samun matsala: kumfar iska ta maƙale a jikin dutse sai lambar ruwa ta ƙaru, sakamako ya faɗi ƙasa, don haka a girgiza zaren tukuna. Iskar fanka ko ta ƙofa tana rawar da sikeli. Dutsen da bai kai giram ɗaya ba lissafinsa ba abin dogaro ba ne a irin wannan sikeli. Wanda kuma ke manne da uwar dutsensa zai ba ka lambar da ba ta kowa ba. Sannan 2.65 da 2.7 sun yi kusa ƙwarai, ruwa ba zai raba ƙanƙara da akwamarin ba, sai an kai wa mai na'ura.

Madubi kuma aikinsa leƙa ciki. Ka haska tocila daga gefe, ka kawo madubin dab da idonka, ka matso da dutsen har ya fito sarai. In ka ga ƙananan kumfa zagayayyu kamar na cikin kwalbar lemo, gilashi ne. Akwai masu fasa koriyar kwalba su gurje ta da yashi su shafa mata jar ƙasa. Akwai kuma yaƙutun masana'anta, wanda aka fara yin sa a Faransa tun 1902. Taurinsa da nauyinsa daidai da na ƙasa, abin da ke tona shi layuka ne masu lanƙwasa a ciki da tsabtar da ta wuce misali. Babban dutse ja jawur, babu tsaga babu datti, a farashin rago, wannan ya isa ya sa mutum ya mayar da kuɗinsa aljihu.

A kula da awo wajen ciniki. Karat ɗin dutse nauyi ne, giram 0.2, wato karat biyar ke yin giram ɗaya. Ɗanyen dutse a giram ake sayensa, yankakke a karat, kuma wajen yanka fiye da rabin nauyin yakan tafi a gari.

Ga masu son tarawa don sha'awa, wanda ni nake ganin ya fi neman arzikin dare ɗaya lafiya, dutsen da ya fito da tsininsa cikakke a kan uwarsa ya fi wanda aka ɓalle daraja nesa ba kusa ba. Kada a ɓamɓare shi. Ruwa da sabulu da tsohon buroshin haƙori sun isa wanki. Kowane dutse a naɗe shi shi kaɗai, a sa takarda mai sunan garin da ramin da shekarar da aka samo shi, domin dutsen da ba a san asalinsa ba ya rasa rabin mutuncinsa a wurin masu tarawa. Amatis, wato ƙanƙara mai launin shunayya, yana kodewa in ya daɗe a rana. Ƙurar hunturu tana ɗauke da garin ƙanƙara, goge dutse mai laushi da busasshen tsumma kamar gurza shi da yashi ne. Murjanin iyayenmu mata taurinsa bai wuce 4 ba, ruwan lemon tsami yana cin sa, turare da humra suna dusashe shi, a sa shi bayan an gama shafe-shafe.

Sai gwal, inda kuɗin mata ya fi tafiya. Karat ɗinsa ba nauyi ba ne, tsabta ce. Lambar 750 a maƙalar sarƙa na nufin karat 18, 875 karat 21, 916 karat 22. Sarƙar giram 10 mai karat 18 zinarenta zalla giram 7.5 ne, mai karat 21 kuma 8.75. Hajiya, in kika ga GL ko GP, ruwan gwal ne aka yi wa wani ƙarfe. Hatimi kansa ba hujja ba ne, ana buga shi a kan jabu. Maganaɗisu yana kama na ƙarfe, amma tagulla ba ta bin sa, saboda haka tsallake shi ba shaida ba ce. Gwajin ruwa yana aiki a kan zobe ko awarwaro marar rami: zinare zalla 19.3, karat 18 wajen 15 zuwa 16, farar tagulla wajen 8.5. Mai rami a ciki sai an goga shi a baƙin dutse an ɗiga ruwan gwaji a wurin maƙerin fari, kuma a goga sosai a wuce fatar sama.

Asarar da ba a lura da ita tana cikin ado. Ranar saye ana auna sarƙa da duwatsun gilashin da ke jikinta duk a farashin gwal, a ƙara kuɗin aiki. Ranar sayarwa sai a cire duwatsun, a zubar da kuɗin aiki, a rage na lahami. Wadda ke sayen gwal don ajiya ta sayi mai sauƙin ƙira marar dutse, ta karɓi rasit mai ɗauke da giram da karat, a auna a gabanta. A nisanta shi da ruwan bilic na wanki, yana cin haɗin da ke cikinsa har maƙala ta karye. Wanda aka ajiye a matsayin dukiya kuma in ya kai nisabi, wajen giram 85, ya shekara, akwai zakka ta kashi 2.5 cikin ɗari, a tambayi malamin gari yadda za a fitar.

Matasanmu masu tafiya ramin haƙa, ƙyallin rawaya a cikin dutse yawanci ba zinare ba ne. Zinare in an danna shi da bakin wuƙa lotsewa yake, na bogin kuwa murƙushewa yake ya bar baƙin gari. Dokar ma'adinai ta 2007 ta sa haƙa da sayen ma'adinai sai da lasisin gwamnatin tarayya, hanya mafi sauƙi ita ce shiga ƙungiyar masu haƙa mai rajista. Kuma don girman Allah kada a kawo dutsen rami cikin gida a daka shi a turmi ko a kai shi injin niƙan hatsi. Haka aka yi a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, garin dutsen na ɗauke da dalma, a 2010 yara sama da 400 suka rasu. Kayan da aka sa a rami a tuɓe su a can, a yi wanka kafin a ɗauki yaro.