Ba da kiɗa aka haife mu ba, koya muka yi

Wani dattijo Bature ne ya gaya mini maganar, a ɗakin taron wata unguwa a nan Shefild ta ƙasar Ingila, bayan an tashi daga zaman da aka shirya don tsofaffin makaɗan garin su ba da labarin ƙungiyoyin kiɗan da suka fara kafawa suna 'yan shekara 14 zuwa 16. Da ya ji daga Najeriya nake, sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Ku ai kun huta, da kiɗa ake haihuwarku, ba sai kun koya ba." Na san yabo yake nufi. Amma maganar ta tsaya mini a rai, domin ta share wahalar duk yaron da ya taɓa rataya kalangu har hammatarsa ta yi kanta.

Ga yadda abin yake a nan, don wanda bai gani ba. Yara huɗu ko biyar ne, yawanci 'yan aji ɗaya. Ɗaya ya ɗauki ganguna, ɗaya gitar bes mai tsarkiya 4, ɗaya ko biyu gita mai tsarkiya 6, wanda bai iya komai ba kuma sau da yawa shi ake miƙa wa makirfo. Gangunan saiti ne guda a gaban mutum ɗaya: babba a kwance wadda ake bugawa da ƙafar dama ta hanyar feda, ƙarama a tsakanin cinyoyi mai zirin wayoyi a ƙasanta, wasu biyu ko uku a jere, sai faya-fayan tagulla, biyu daga cikinsu a kife da juna, ƙafar hagu ke buɗe su tana rufewa. Kowace gita da amfilifayarta, wato na'urar da ke ƙara mata sauti. Mai bes yana bukatar wadda ta kai wat 100 ko fiye, in ba haka ba ganguna su haɗiye shi. Wurin gwaji kuwa ko garejin gidan wani, ko ɗakin kiɗa na makaranta, ko ɗakunan haya da aka yanka a cikin tsofaffin masana'antun ƙarfe na garin nan, bango liƙe da soso, ƙasa da tsohon kafet, babu taga, kusan fam 10 zuwa 15 a awa, kowa ya kawo nasa kason.

Matsalolinsu iri ɗaya ne, kuma dattawan nan duk su suka lissafa. Mai ganguna yana ƙara gudu da zarar an zo wurin da waƙa ta yi daɗi, saboda zumuɗi ya kama shi, sai a ƙare waƙar da saurin da ba a fara da shi ba. Maganinsa na'urar ƙirga bugu a kunne, da kuma mai bes ya riƙa kallon ƙafar mai ganga maimakon yatsunsa. Na biyu shi ne gasar ƙara. Mai gita bai jin kansa don sifikarsa tana ƙasa tana hura wa ƙwaurinsa sauti, sai ya ƙara murya, na kusa da shi ma ya ƙara, har mawaƙi ya ɓace. Da an ɗora sifikar a kan kujera daidai kunne an karkata ta, da rabin rigimar ta mutu. In mawaƙi ya juya makirfo ya fuskanci sifika, sautin da ya fita ya sake shiga, sai wannan kuwwar mai tsini ta tashi. Sabuwar tsarkiya tana miƙewa, saboda haka gitar da aka saita ɗazu ta kauce kafin waƙa ta uku, dole a ja tsarkiyar da hannu a sake saitawa sau da dama ranar da aka sa ta. Kuma kusan babu ƙungiyar yara da ta san yadda ake ƙare waƙa. Kowa kallon kowa yake har ta watse da kanta.

Akwai illar da ba sa ganewa sai sun girma. Saitin ganguna a ƙaramin ɗaki yana haura desibel 100 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara) cikin sauƙi, alhali ma'aunin masu kula da lafiyar ma'aikata desibel 85 ne na awa 8, kuma duk ƙarin 3 yana raba lokacin biyu. A desibel 100 ke nan abin da kunne ke ɗauka bai wuce minti 15 ba. Biyu daga cikin dattawan da suka yi magana suna sanye da na'urar ji.

Yawancin waɗannan ƙungiyoyi ba sa kaiwa ko'ina. A shekara 18 kowa ya tafi jami'arsa, ko a yi faɗa a kan wanda ya sayi sifika, shi ke nan. Amma labarin waɗanda suka kai an rubuta shi dalla-dalla. An san John Lennon na shahararriyar ƙungiyar Beatles yana da shekara 16 lokacin da ya haɗu da abokin kiɗansa Paul McCartney mai 15 a bikin wata coci a Libaful ranar 6 ga Yuli, 1957, an san ƙungiyarsa ta lokacin sunanta Quarrymen, an san har da akwatin ganyen shayi da allon wanki a cikin kayan kiɗansu. Gidajen da su biyun suka tashi suna hannun ƙungiyar National Trust mai kula da wuraren tarihi, mutane na biyan kuɗi su shiga su gani. An san ƙungiyar kiɗa ta U2 ta samo asali ne daga takardar da Larry Mullen, yana da shekara 14, ya manna a allon sanarwar makarantarsu a Dablin a 1976, kuma a kicin ɗin gidansu suka fara gwaji. Nan Shefild ma duk yaron da ya riƙe gita zai gaya maka ƙungiyar Arctic Monkeys a unguwar High Green aka kafa ta a 2002.

Ban ƙi ba, suna da abin yabo. Wuta ba ta ɗaukewa ana tsakiyar gwaji, makaranta na da malamin kiɗa, uba na loda ganguna a bayan mota ya kai ɗansa ya jira shi a waje cikin sanyi. Yaro yana koyon zuwa a kan lokaci da sauraron ɗan'uwansa. Wannan duk gaskiya ne.

To amma wa ya ce mu ba mu da irinta? Duk wanda ya tashi a Herwagana ko Jekadafari ko Bolari a cikin garin Gombe ya san abin da ke faruwa in azumi ya kai goma. Ƙungiyar tashe ita ce ƙungiyarmu ta farko, kuma babu abin da ta rasa. Akwai mai bayarwa, akwai 'yan amshi, akwai mai gangar gwangwani da aka rufe da fata ko takardar buhun siminti, akwai mai gemun auduga, akwai mai riƙon kuɗi, akwai gwaji a lungu bayan an sha ruwa, akwai faɗan rabo a ƙarshen dare. Alƙalinta ma ya fi nasu tsanani. Yaran nan na Ingila iyayensu da abokansu ne ke tafa musu ko sun yi ko ba su yi ba. Ɗan tashe kuwa in amshinsa ya zo a makare ko muryoyi sun rarrabu, matar gida daga cikin ɗaki za ta ce Allah Ya ba da haƙuri, a fita hannu rabbana. 'Yan mata suna da tasu makarantar a dandali, da gaɗa da shantu, inda tafi ɗaya da ya kauce kowa zai ji. A Billiri da Kaltungo kuma yara na koyon ganga da haɗa murya huɗu a coci tun suna ƙanana.

Wanda zai mai da kiɗa sana'a kuwa, nan ne maganar Baturen ta fi ba ni haushi. Ba a miƙa wa yaro kalangu ranar farko. Zai yi ɗaukar kaya, zai yi amshi, sannan a ba shi ƙarami irin su kuntuku ko ɗan karɓi ya riƙe zango ɗaya ba ƙari ba ragi, tsawon biki, har hannunsa ya daina gardama. Shi ne na'urar ƙirga bugu ta ƙungiyar, kuma in ya yi gudu ba sai an gaya masa da baki ba, harara ta isa. Sai daga baya ya kai ga uwar kalangu, inda hannun dama ke bugu, hammata da damtsen hagu ke matsa tsarkiya suna sakewa, don fata ta ɗaga murya ko ta sauke daidai da karin maganar Hausa. In matsin ya zo bayan bugu da ƙiftawar ido, kirarin ya koma wata magana dabam ko ya zama shirme, kuma mahaucin da ake yi wa zai gane nan take. Saitin gangunan Bature ana ɗaure shi da ɗan makulli sau ɗaya a zauna a kai. Kalangu kowane bugu da nasa saitin.

Ga kula da kayan. Da damina fata na shan raɓa ta saki, sai an shanya ko an gasa ta nesa da wuta, in an matso kusa ta ƙone ko ta tsage. Da hunturu ta bushe ta yi tauri, bugu ɗaya mai ƙarfi ya fasa ta ana tsakiyar wasa, shi ya sa makaɗin kirki ba ya fita da kalangu ɗaya. Mai goge ko kukuma yana fama da izgar doki da ƙaron da ake goga mata, in ƙaro ya yi kaɗan baka ya zame, in ya yi yawa sauti ya yi kaushi. Ɗan Maraya Jos, da ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsarkiya ɗaya tal a kan gwangwanin kifi ya zagaya duniya. Musa Ɗanƙwairo ya daɗe a bayan mahaifinsa da yayansa kafin ya tsaya da ƙafarsa. Wannan ba haihuwa ba ce, shekaru ne na horo.

Abin da ya fi damuna tun daga ranar ba Baturen ba ne. Shi abin da ya sani ya faɗa. Da ya ce in kawo masa shaida a rubuce, me zan nuna? Mamman Shata ya rasu a 1999, kowa ya haddace waƙoƙinsa, amma mutum nawa ne za su jero sunayen makaɗan da suka riƙe masa kalangu, su faɗi garin kowanne da wanda ya koya masa? Barmani Coge ta rasu a 2013, su wane ne matan da suka zauna bayan ƙoren nan shekara da shekaru? In haka abin yake ga manyan da rediyo ya ɗauka, ina ga makaɗin Dukku ko Nafaɗa ko Misau da bai taɓa shiga situdiyo ba? A wurinmu mutum in ya girma ya yi rawani ba ya son a tuna ya taɓa buga gwangwani. Ɗan makaɗi ya je neman aure a yi ta raɗe-raɗin asalinsa, alhali ubansa za a kira ranar bikin. Da irin wannan kunyar wa zai zauna gaban jama'a ya ba da labarin ƙungiyarsa ta farko?

Kuma hanyar koyon kanta tana tsinkewa. Yaro yanzu ya rubuta baitinsa a waya, ya je situdiyo, mutum ɗaya da fiyano da kwamfuta ya haɗa masa kalangu da ganga da sarewa, ya gyara masa murya, ya ɗora amshi. Waƙar na iya yin daɗi, ban musa ba. Amma yaron bai taɓa tsayawa da mutum huɗu masu rai ya koyi jiran numfashinsu ba, kuma ranar da wuta ta ɗauke a wurin biki ba shi da abin yi.

Saboda haka ina roƙon ƙannena da ke Gombe da Bauchi, musamman ɗaliban sashen Hausa da ke neman abin rubuta kundi, ku bar shugaban ƙungiya tukuna, ku nemi na bayansa. Waya ta isa. A je da goro da abin tukuici, a gaishe shi da Baba ko da sarautarsa in yana da ita, a nemi izininsa a kan ɗauka da kuma yaɗawa. A zaɓi safiya, a ɗaki mai tabarma da labule, a kashe fanka, a nesanci janareta, a kashe layin wayar don kira kada ya katse ɗauka. In magana ce, wayar ta zauna kamar kamu ɗaya daga bakinsa a kan matashi, ba a hannu ba. In zai buga kalangu a ja da baya mita 2, in ba haka ba sautin ya fashe, kuma fasasshen sauti ba ya gyaruwa. A fara da faɗin kwanan wata da gari da sunansa. A tambaye shi wa ya fara miƙa masa abin kiɗa, shekara nawa ya yi kafin a bar shi ya buga a gaban jama'a, su wa suka yi tashe tare, wa ke sassaƙa masa kango da wane ice, yaya ake rabon kuɗi tsakanin maigida da 'yan amshi, wane kuskure ne aka taɓa yi masa faɗa a kai. In ya yi shiru kada a cika masa gurbi da wata tambayar, a jira. A ajiye kwafi biyu a wuri biyu, kuma in za a tura ta WhatsApp a tura a matsayin fayil, don in aka tura a matsayin saƙon murya manhajar tana matse sautin, kaurin kalangun ya ragu.