Kifin da ya narke sau biyu, a kuma sayar da shi da kuɗin sabo

Abin da ake yi wa mutane a wasu gidajen cin kifi na garin Maraɗi ya isa haka nan. Mutum ya ɗauko iyalinsa ko baƙonsa, ya shiga wuri mai fitilu da kujeru masu kyau, an zana jatan lande da ƙaguwa a bango, a ce masa faranti jaka biyar ko shida, ya ce ya yarda. Ya zauna awa guda cur yana jira. Sannan a dire masa kifin da bayansa ya ƙone ƙurmus, wajen ƙashin baya kuma sanyi ƙalau da jini-jini, naman yana dagargajewa kamar audugar da ta sha ruwa. In ya kira yaron da ke kawo abinci, amsar da zai samu ita ce: "Alhaji, ai haka kifin teku yake." Wallahi ba haka yake ba. Duk wanda ya yi sana'ar kifi, ko sayarwa ko dafawa, da ganin farantin nan ya san abin da aka yi wa kifin tun daga firiza har zuwa kan wuta, kuma mai gidan ma ya sani.

Nijar ba ta da teku, wannan kowa ya sani. Duk kifin teku da jatan landen da ake ci a Maraɗi a daskare suke zuwa cikin kwali, ko ta tashoshin jiragen ruwa na Lome da Kwatano, ko ta Najeriya su biyo Kano da Katsina su shigo ta Jibiya da Ɗan Isa. Duk ta inda aka bi, tafiyar ta haura kilomita 1,000. Tun da aka rufe iyaka da Benin a 2023 kuma, kaya da yawa suka koma bi ta Lome da Burkina Faso, hanya ta ƙara tsawo. Ba laifi ba ne a sayar da daskararren kifi. Kifin kwali da aka riƙe da kyau ya fi sabon kifin da ya wuni a rana lafiya. Laifin shi ne a bari sanyinsa ya yanke, a kuma ɓoye wa mai saye.

Ƙa'idar ba ta da wuyar ganewa. Daskararren kifi yana zama a digiri 18 ƙasa da sifiri, ko fiye da haka sanyi. Wanda aka narkar ko ɗanye sabo yana zama tsakanin sifiri da digiri 4, cikin ƙanƙara. Kifin da aka bari a waje bai kamata ya wuce awa 2 ba, in zafin wurin ya haura digiri 32 kuma awa 1 ce kawai. To a garin da watannin Afrilu da Mayu zafi ke haura digiri 40, ina hujjar wanda zai fito da kwali tun hantsi ya jibge shi a ƙasan kicin, kusa da murhu, ya ce yana narkar da shi don baƙin dare? Wajen kifin ya ɗumama tun azahar, ƙwayoyin cuta sun fara aikinsu, cikinsa kuwa har yanzu dutse ne. Da dare in ba a sayar da shi duka ba, sai a tattara ragowar a mayar firiza. Gobe a sake fitowa da shi. Wannan shi ne asalin naman da ke dagargajewa: duk lokacin da kifi ya narke ya sake daskarewa a hankali, ruwan jikinsa yana yin manyan ƙanƙara da ke yayyaga naman daga ciki, in aka sake narkar da shi ruwan ya tsiyaye ya tafi da ɗanɗanon. Abin da ya rage ba ya riƙe gishiri, ba ya riƙe kansa a kan waya.

Masu gidajen za su ce kuran ne, wato wutar lantarki, ke ɗaukewa. Gaskiya ne ana ɗauke kuran, ba wanda ya musa, gidajenmu ma muna fama. Amma firiza cikakkiya da ba a buɗe ta ba tana riƙe sanyi wajen awa 48, mai rabin kaya wajen awa 24, a zafi irin namu ma a rage lissafin. Matsalar ita ce firizar da ake ajiye kifi ita ce ake sa lemon kwalba da ruwan leda a ciki, yara suna buɗewa suna rufewa kowane minti biyar. Wanda ya iya sayen fitilu masu launi da babbar talabijin, ya iya sayen gurup, wato janareta, ko faifan sola, ya iya ware firiza guda ta kifi kaɗai, ya jefa ma'aunin sanyi a ciki. In bai iya ba, ya sauke allon jatan landen, ya sayar da abin da yake iya riƙewa.

Kuma maganar nan ta wuce ɗanɗano. Kifaye irin su sukumbiya da sadin da tuna, in suka daɗe ba cikin sanyi ba, wani sinadari da ake kira histamin yana taruwa a namansu. Wuta ba ta kashe shi. A soya, a gasa, a tafasa, yana nan. Wanda ya ci, cikin mintoci kaɗan zuwa awa ɗaya ko biyu sai fuskarsa ta yi ja, jiki ya ɗau ƙaiƙayi da borin jini, kai ya yi ciwo, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, wani har amai da gudawa. Wani lokaci tun a baki ake jin kifin yana yaji-yaji alhali ba tattasai ba ne. Mutane da yawa suna komawa gida su ce kifi ne bai karɓe su ba, su daina ci har abada, alhali kifin ne aka bari ya lalace. Yaro ƙarami, tsoho, mace mai ciki, su ake zuba wa irin wannan a faranti a karɓi kuɗinsu. Wannan ne ya fi ƙona rai a cikin lamarin duka.

Don a rufe warin, sai a koma ga yaji. Ku lura, duk farantin da aka lulluɓe da tattasai da citta da tafarnuwa da dunƙulen magi har ba a ganin fatar kifin, akwai abin tambaya. Kifi mai kyau gishiri da lemon tsami da ɗan kayan ƙamshi sun ishe shi. Kifin da ya fara juyawa yana da warin da ke sukar hanci irin na fitsari, jatan lande ma ya fi saurin yin haka, kuma yaji ba ya kashe warin, jinkirta shi kawai yake yi zuwa loma ta uku.

Sai gashin kansa. Kifin da bai gama narkewa ba aka ɗora a kan garwashi mai ci bal-bal, dole waje ya ƙone ciki ya zauna ɗanye. Narkarwa ta gari a firji ake yin ta, a kwana guda, ko a sa kifin cikin leda a ɗaure a tsoma a ruwan sanyi, ana sauya ruwan duk minti 30. A tsane shi da tsumma mai tsabta, a tsaga jikinsa wuri uku ko huɗu kowane gefe har wuƙa ta taɓa ƙashi don zafi ya shiga, a jira garwashi ya yi farin toka, a shafa wa waya mai. Kifi mai kaurin santimita biyu da rabi yana son wajen minti 10 a wuta, a juya shi sau ɗaya. Ya dahu in cikinsa ya kai digiri 63, wato naman wajen ƙashi ya yi fari yana saki da kansa. Wannan ba ilimin boko ba ne mai nisa, matan da ke suyar kifi a bakin kasuwa sun san shi da ido. Wajen suya kuma, mai yana son digiri 170 zuwa 180. In bai yi zafi ba, ko aka cika kasko da kifi har zafin ya faɗi, kifin ya sha mai ya yi laɓo-laɓo. Man da ya yi baƙi, yana kumfa, yana hayaƙi tun bai yi zafi ba, ya gama aiki, amma a wasu wuraren da shi ake soya kifi da dankali da aloko, wato soyayyar ayaba, kwana da kwanaki, ana ƙara sabo a kan tsoho. Shi ya sa komai na farantin ɗaci guda yake yi.

Jatan lande shi ya fi shan wulaƙanci, kuma shi ya fi tsada. Minti 2 zuwa 3 ya ishe shi, da ya yi ja ya ɗan lanƙwashe a sauke. Abin da ake kawowa ya nannaɗe ya ƙanƙance, ana taunawa yana dawowa. Baƙin zaren da ke bayansa hanjinsa ne, tsaga ɗaya da bakin wuƙa ke fitar da shi, amma ba a cirewa, sai mutum ya ji ƙasa-ƙasa a haƙori. A rubuta "farantin jatan lande", a kawo guda biyar ƙanana a kan tulin shinkafa ko acheke, wato dambun rogo, da ya bushe.

Ko kifin namu na gida bai tsira ba. Tabkin Madarunfa yana nan kudu da gari, ba nisa, ga masu kiwon tarwaɗa, ga karfasa. Amma sai a kawo tarwaɗa da yauƙinta, don ba a goge ta da gishiri da lemon tsami ko ruwan zafi ba. A kawo karfasa tana ɗaci don mai gyaran ya fasa maɗaciya ya bar ruwan ya bi naman, ko bai kankare baƙar fatar cikin ciki da jinin da ke manne da ƙashin baya ba. Giwan ruwa kuwa, da yake a yanke ake sayar da ita, nan ake yin musanya: a karɓi kuɗin giwan ruwa a kawo yankan wani kifi mai araha a cikin miya, an san ba kowa ke bambancewa ba.

Da a ce in an yi kuskure ana karɓa, da da sauƙi. Abin da ke biyo baya shi ke sa mutum ya rantse ba zai ƙara taka wurin ba. A karɓi oda, sai bayan minti arba'in a dawo a ce abin da aka nema ya ƙare. Ashe tun farko ba wanda ya leƙa kicin. Mutum huɗu a tebur guda, a kawo wa ɗaya nasa, sauran su zuba masa ido har nasa ya huce. Ba ruwan wanke hannu, ba sabulu, a wurin da da hannu ake cire ƙaya. Yaran suna tsaye sun duƙufa a kan waya, sai an yi ta tafi ana "kai, samari" kafin ɗaya ya ɗago. In Hajiya ta ce ɗana, kifin nan bai dahu ba, a ɗauke farantin da fushi a mayar da shi kan wuta da miyarsa da komai, a dawo da shi ya bushe ƙamas. In aka ce yana wari, a ce ai an riga an taɓa, dole a biya. In aka nemi mai gida, ya fita. Kullum ya fita. Faktir kuma, wato lissafin kuɗin abinci, da baki ake faɗinsa, kuɗin da ke allo daban wanda ake nema daban, wai na allon na ƙaramin kifi ne, alhali ba wanda ya nuna wa mai saye babba da ƙarami. A ƙarshe a ce babu canji.

Yaran nan ba su ne tushen matsalar ba, ko da yake rashin ladabi nasu ne. Yawanci ba wanda ya zaunar da su ya koya musu komai, kuma a wurare da dama an gaya musu duk farantin da ya dawo a albashinsu za a cire. Wanda aka yi wa wannan sharaɗi dole ya yi musu da mai saye har ƙarshe. Mai gida ne ya tsara haka, shi ne kuma ke sayen kwalin da ya ga ƙanƙara ta dunƙule a gindinsa da ruwan jini ya daskare, alamar ya taɓa narkewa a hanya, ya karɓa saboda an yi masa rangwame.

Masu saye, ku daina jin kunya. Kafin a ɗora komai a wuta ku ce a kawo kifin ku gani, a faɗi kuɗinsa a gabanku. Ku danna shi da yatsa, in ramin ya tsaya bai ciko ba ku bar shi. In sabo ne aka ce, ku ɗaga marfin kunnensa, cikin ya zama ja, ba ruwan ƙasa mai yauƙi ba, ido ya fito tar bai faɗa ba. Jatan lande mai baƙi-baƙi a kai da gaɓoɓi, ko mai santsi da wari, ku mayar. In an kawo faranti, ku fara buɗe wajen ƙashin baya mai kauri tun yaron yana tsaye, kafin ku kai loma. Wurin da ya ƙi nuna muku ɗanyen kifinsa, ku tashi.

Ma'aikatan tsabta na gari kuma, muna roƙonku, in kun shiga irin waɗannan wurare kada ku tsaya a kan shara da kwata kaɗai. Ku ce a buɗe firiza. Ku sa ma'auni a ciki ku karanta, ku ɗaga kwalayen ƙasa ku duba ranar da aka rubuta a jiki, ku leƙa kaskon mai, ku tambayi ina ake narkar da kifin dare, kuma ku zo da azahar, lokacin da kwalin ke jibge a ƙasa kusa da murhu.